Fashin Baƙi: Wai macizai da kadoji ƙaruwa suka yi a arewacin Kamaru da Cadi?

Tun ambaliyar 2022 da ta ci unguwanni a Njamena da Kuseri, sai kuma ta 2024 da ta fi ta muni, wadda a Cadi kaɗai ta shafi mutane kusan miliyan 2 sannan ta karya gada a Yagwa, maganar da ke yawo a majalisu da guruf-guruf na WhatsApp ita ce wai macizai sun yi yawa, wai kadoji sun fara shigowa gari, wai kwaɗi ma na bana ba irin na da ba ne. Wani ya ce daga gandun dajin Waza suke fitowa, wani ya ce ruwa ne ya kwaso su daga kudu, wani kuma ya ce ai alamar ƙarshen zamani ce kawai. To shin da gaske ƙaruwa suka yi? Kuma me ya sa kudancin Kamaru ya fi mu nau'in macizai nesa ba kusa ba amma mu ne nan kwarin Binuwai da kudancin Cadi muke shan sara?

Su wa ake magana a kansu

Gida biyu ne, kuma mutane suna yawan haɗe su. Gida na farko masu jan ciki da rarrafe: maciji, ƙadangare da danginsa irin su tsaka, kulɓa, hawainiya, damo da guza, sai kunkuru da kififiya, sai kada. Fatarsu busasshiya ce mai ɓawo-ɓawo wadda ba ta barin ruwan jiki ya fita, kuma ƙwansu yana da kwasfa, a tudu ake ajiye shi, ko kada da ke kwana cikin ruwa sai ta fito ta tona rairayi ta binne ƙwanta. Wasu kamar kasa ma ba sa ajiye ƙwan, 'ya'ya suke haifa da rai.

Gida na biyu dangin kwaɗo. Su fatarsu laushi gare ta, da ita suke shan ruwa da ita kuma suke ɗan shaƙar iska, ƙwansu ba kwasfa, yawancinsu cikin ruwa suke zuba shi ya ƙyanƙyashe ya zama talibambam mai wutsiya kafin ƙafa ta fito. Kenan kwaɗo in ba ruwa ba zuri'a.

Abin da ya haɗa gidajen biyu shi ne jikinsu ba ya haɗa zafinsa da kansa kamar namu, daga rana da ƙasa suke aro. Shi ya sa za ka ga ƙadangare da sassafe ya baje kan katanga, shi ya sa kuma da sanyin hunturu ba ka cika jin labarin sara ba kamar farkon damina. Wannan yana ba su wata riba da ba a cika lura da ita ba: tunda ba sa ƙona abinci don ɗumama jiki, mesa za ta haɗiye abu ɗaya ta yi makonni har watanni ba ta sake neman wani ba, akuya kuwa kwana biyu ba ciyawa ta fara layi.

Ruwan sama ne ya raba musu gado

Kamaru gaba ɗayanta tana da nau'in dangin kwaɗo sama da 200, da masu rarrafe sama da 270, tana cikin ƙasashen da suka fi kowa a Afirka. Amma kar wannan lissafi ya ruɗe ka, ba a raba shi daidai ba sam, kaso mafi tsoka yana can kudu da duwatsun yamma.

Duba ruwan sama kawai. Debunca a gindin Dutsen Kamaru tana samun kusan milimita 10,000 a shekara. Ngaundere wajen 1,500. Garwa wajen 1,000, Marwa wajen 800, Kuseri da Njamena tsakanin 500 da 600, in ka kai Faya a arewacin Cadi kuwa ko 20 ba ta cikawa. Kuma ba yawan ruwan ne kaɗai ba, tsawon lokacin da yake zama shi ne babban lamari, mu nan Marwa wata huɗu ne ko ƙasa da haka sannan a shiga wata bakwai zuwa takwas ba ɗigo. Duk dabbar da ba za ta iya jure wannan dogon rani ba babu ita a nan, magana ta ƙare.

A can kudu ne ake samun kwaɗon da ya fi kowanne girma a duniya, wanda ake kira Goliyat, jikinsa kan kai santimita 32 nauyinsa ya haura kilo 3, kuma ba ko'ina yake ba sai koguna masu gudu da tsalle kan duwatsu a kudu maso yammacin Kamaru da Ikwatoriyal Gini. Akwai wani kuma da namijinsa ke fitar da wani abu kamar gashi a cinya da gefen ciki lokacin haihuwa, in an kama shi sai ƙashin yatsansa ya huda fata ya fito kamar farce. A tabkin Oku, can saman dutse sama da mita 2,000, akwai ɗan kwaɗon ruwa da duk duniya babu shi sai cikin wannan tabki ɗaya tak. Hawainiya masu ƙaho ma a waɗannan duwatsu suke, har da mai ƙaho huɗu. Dalili kuwa kowane dutse mai sanyi da hazo ya zama kamar tsibiri, na kansa ba sa iya sauka su ratsa zafin ƙasa su je na gaba, dubban shekaru suna ware har kowanne ya zama nau'i na daban.

Mu ma muna da ɗan rabonmu na irin wannan a Adamawa. A dutsen Cabbal Mbabo an samu wata halitta dangin kwaɗo ce amma ba ƙafa ko ɗaya, in ka gan ta za ka rantse tana ce babba, cikin ƙasa take zama, kuma ba a san ta a wani wuri ba sai nan.

Da ka gangaro daga tudun Ngaundere zuwa kwarin Binuwai sai lissafi ya canza. Nan ne gidan kububuwa, kasa, kumurci, gamsheƙa, mesa, damatsiri, damo a tudu guza a bakin ruwa, da kada a Binuwai da Faro da tabkin Lagdo. Baƙar mamba ma akwai ta a dazuzzukan yankin amma ba kasafai ake karo da ita ba. Kudancin Cadi, su Mundu, Doba, Sar har gandun dajin Zakuma, kusan duk tsari ɗaya ne da wannan, domin dabba ba ta san kan iyaka ba. Daga Marwa zuwa Waza da bakin tabkin Cadi nau'i ya ƙara raguwa, sai dai fadamun Logon, wato yayre, da suke tara kwaɗi da guza da kififiya da yawan gaske in ruwa ya malala. Nan ne kuma ƙasar babban kunkurun sahel mai ƙaya a cinya, na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, wanda ke tona rami mai zurfi ya shige ya jira damina. Can arewa, Borku da Ennedi da Tibesti, wasu ne daban: maciji mai ƙaho da ke binne kansa cikin yashi ido kawai a waje, ƙadangare mai wutsiya ƙaya-ƙaya da Larabawa ke ce wa dab, da damon hamada.

Kwaɗin da ake cewa daga sama suke faɗowa

Wannan kam kusan kowa ya ji ta tun yana yaro, a yi ruwan farko da daddare, gari na wayewa ko'ina kwaɗi, kududdufin da jiya busasshe ne ƙurmus yau kunne ba ya jin komai sai kukansu. Ba daga sama suka zo ba, a ƙarƙashin ƙafarmu suka yi rani. Wanda ya taɓa noman masakwa a karal ya san yadda baƙar ƙasar nan ke tsagewa da rani, tsaga mai zurfin da hannu ke shigewa, to can ƙasa akwai sauran laima kuma nan wasu suke fakewa. Wasu su haƙa da ƙafar baya su nutse cikin laka tun kafin ta bushe, babban burduddugi har wata riga yake yi wa kansa da saɓar fatarsa, layi kan layi, ya bar hanci kawai, ya rage bugun zuciya da numfashi ya kwanta watanni, dabarar da masunta suka sani a wajen gaiwa. Wasu kuma rijiyoyi, ramukan gara da gindin randa.

Ruwa na sauka sai gaggawa, dole a yi ƙwai a ƙyanƙyashe a fitar da ƙafa kafin kududdufin ya ƙafe, wasu nau'in cikin 'yan makonni sun gama. Shi ya sa shekarar da aka yi ruwan farko sannan aka ɗauke na sati uku, ba manomin da ya yi shuka ne kaɗai ya yi asara ba, zuri'ar kwaɗi ta wannan zagaye duk ta bushe a fako. Kukan nan kuma maza ne ke yi, kiran mata ne, kowane nau'i da muryarsa, masu binciken kwaɗi da kunne suke fara ƙirga nau'in da ke wuri kafin su kunna tocila.

Kada a tsakiyar hamada

A Ennedi kusa da Fada akwai wani kwazazzabo tsakanin duwatsu da ruwa ba ya ƙafewa, Gelta Arshe, inda makiyaya ke kawo ɗaruruwan raƙuma shan ruwa. Cikin wannan ruwa da kashin raƙuma ya mayar baƙi akwai kadoji, 'yan ƙalilan ne, kifi da kwaɗi suke ci, kuma tsakaninsu da kogi mafi kusa ɗaruruwan kilomita ne na yashi. Wa ya kai su?

Ba wanda ya kai su, ruwa ne ya tafi ya bar su. Tsakanin shekara kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara kore ce, da koguna da ciyawa, zanen shanu da ke jikin duwatsun Ennedi shaida ne, kuma yana cikin abin da ya sa UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2016. Tabkin Cadi na wancan zamani ya kai murabba'in kilomita wajen 350,000, kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Kamaru ta yau. Da ƙasa ta bushe sai wasu suka maƙale a inda ruwa ya rage. A Muritaniya ma akwai irinsu.

Wani abin da ya fito a 2011 daga binciken ƙwayoyin gado shi ne kadan namu na yammaci da tsakiyar Afirka ba ɗaya yake da babban kadan Nilu na gabashi da kudancin Afirka ba, nau'i ne mai zaman kansa, masana na kiransa Crocodylus suchus, ya fi ƙanƙanta kuma bai kai wancan faɗa ba. Har gawarwakin kadoji da tsoffin Misirawa suka adana an gwada an ga irin namu ne. Amma don Allah kar wani ya ji haka ya tura yara wanka inda aka ga kada, rashin kai wani faɗa ba ya nufin ba ya kamu, musamman mace mai gadin ƙwai.

To sun ƙaru ko ba su ƙaru ba?

A ganina tambayar ce aka ɗora ba daidai ba. Ambaliya ba ta haifar maciji, maciji ba ya girma cikin sati biyu. Abin da take yi shi ne ta cika ramukan ɓera da na gara da tsagogin ƙasa inda suke ɓoye, sai kowa ya nufi tudu, kuma tudun da ya rage shi ne dai inda mutane suka gudu, kan dik wato ganuwar tare ruwa, kan hanya, makarantar da aka tsugunar da 'yan gudun ruwa, rumbu, tarin itace. Ɓeraye ma can suka nufa, maciji kuma yana bin ɓera. Macizan da a da suke warwatse cikin eka dubu yanzu sun taru a eka goma tare da mutane masu kwana a ƙasa ba fitila ba takalmi, dole a ga kamar sun ninka. Kada ma haka, in Logon ko Shari ya haɗe da kududdufan bayan gari to hanya ta buɗe masa.

Sai dalili na biyu wanda ya fi ambaliya daɗewa: mu ne muke shiga inda suke. Shekaru da dama ana ƙaura daga duwatsun Mandara da yankin Marwa zuwa kwarin Binuwai, Lagdo, Ngong, Tubboro, ana sare daji ana buɗe gonakin auduga da masara da gyaɗa. Sare daji yana korar wasu nau'in kwata-kwata, amma wasu daɗi yake musu, gona tana tara ɓera da kwaɗi da fara, kuma cikin masu jin daɗin akwai wadda ta fi kowa kisa.

Kububuwa kenan. Ba ta da wani girma, da wuya ta wuce santimita 60, launinta na ƙasa da ɗigo-ɗigo, in ta ji motsi ba ta gudu sai ta naɗe tana goga jikinta yana wani sauti kamar ruwa ya zuba a kaskon suya, da magariba da farkon dare take fita, daidai lokacin da ake dawowa daga gona. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mugun abin shi ne mutum zai iya kwana ɗaya ko biyu yana cewa ai da sauƙi kumburi ne kawai, sannan dasashi ya fara jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, in jinin ya zuba a ciki ko a ƙwaƙwalwa shi kenan. Cikin waɗanda dafin ya kama sosai ba a yi musu allura ba, 10 zuwa 20 cikin ɗari suna mutuwa. Daga Kaltungo a Najeriya, biyo Binuwai zuwa Garwa da Poli da Tubboro har kudancin Cadi, ana lissafa wannan zirin cikin wuraren da saran maciji ya fi yawa a Afirka. Kuma sai a 2018 ne wani masani Bafaranshe, Jean-François Trape, ya nuna cewa kububuwar wannan yanki namu nau'i ce daban da ta can yamma, ya sa mata suna Echis romani. Dubi fa, macijin da ya fi kashe mana mutane, sai shekaran jiya aka tantance ko wane ne.

Kenan yawan nau'i daban, yawan haɗari daban. Kurmin kudu yana da macizai kala-kala har da masu dafi sosai, amma yawancinsu suna kan bishiya ko cikin ganye nesa da mutane. Mu nau'inmu kaɗan ne amma guda ɗaya ta cika gonaki.

Masu laifi da waɗanda ake yi wa ƙazafi

Bayan kububuwa, waɗanda ya kamata a sani su ne kasa, mai kauri mai nauyin jiki da ke kwanciya kan hanya ba ta motsi sai an taka, dafinta kumburi da ruɓar nama har a kai ga yanke ƙafa. Sai kumurci mai feshin dafi a ido daga nisan mita biyu, yana shiga gida da dare neman kaji da ɓera ya sari mai barci, wanda ya fesa wa a wanke idon nan take da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Sai gamsheƙa da dafinta ke kashe jijiya, fatar ido ta fara faɗuwa, magana ta lauye, numfashi ya tsaya. Akwai kuma wani ɗan siririn baƙin maciji mai zama cikin ƙasa da ke fitowa bayan ruwa, shi ko ka riƙe shi a wuya yadda masu wasa da maciji ke yi zai zaro haƙori ta gefen baki ya soke ka.

Sauran fa, mafi yawansu ba su da dafin da zai kashe mutum. Macijin gida mai ruwan ƙasa da ake samu a rumbu ɓeraye yake ci. Akwai mai shan ƙwan tsuntsu da kusan ba shi da haƙori ma, amma zanensa irin na kububuwa ne har goga jikin yake kwaikwayo don a ji tsoronsa, kuma wannan wayo shi ke jawo masa sanda. Ban ga laifin wanda ya kashe ba gaskiya, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, kuma ba zan ce wa kowa ya tsuguna da daddare yana tantance zane ba.

Inda nake da ja shi ne maganar tsaka. Wai in ta faɗa cikin abinci ko ta taɓa ruwa an mutu, wai tana sa kuturta. Tsaka ba ta da dafi, kulɓa ba ta da shi, hawainiya ma haka duk da tsoron da ake mata. Abin da ke akwai shi ne kashin ƙadangaru yana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai sa gudawa, kamar dai kashin kaji, saboda haka rufe abinci wajibi ne. Hukuncin kashe tsaka a addini na malamai ne, ni maganar dafi nake yi. Kuma tunda an zo nan, akwai hadisin da aka hana kashe kwaɗo, wanda yaranmu masu jifan kwaɗi a kududdufi ba a cika karanta musu ba.

Waɗanda suke raguwa ba a magana

Abin da hayaniyar "sun yi yawa" ke rufewa shi ne manya-manyan cikinsu ƙarewa suke. A duniya, kiyasin 2023 ya ce kashi 41 cikin ɗari na dangin kwaɗo suna fuskantar barazanar ƙarewa, na masu rarrafe kuma a 2022 aka ce kashi 21. A duwatsun Oku da Manenguba an ga kwaɗi sun ragu sosai, kuma ana danganta wani ɓangare da wata cutar fata da ta yi ɓarna a nahiyoyi da dama.

Mu namu ciwon na ruwa ne. Tabkin Cadi yana da murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960, bayan farin 1973 da na 1984 ya koma ƙasa da 2,000, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa na kamfanin gwamnati SEMRY, ita da dik ɗin bakin Logon suka tare ruwan da ke malala cikin yayre har Waza, fili mai faɗi ya daina samun ambaliyar shekara, ciyawa ta canza, kifi ya ragu, masu cin kifin da kwaɗin suka bi baya, sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa aka mayar da wani ɓangare. Madatsar Lagdo kuma tun 1982 ta canza yadda Binuwai ke cika da janyewa.

Sai fata. A shekarun 1980 Cadi da Kamaru suna cikin manyan masu fitar da fatar guza zuwa Turai, kuma har yau wanda ya shiga kasuwar sana'ar hannu ta Marwa zai ga jaka da takalmi da bel na fatar mesa da guza da kada. Babban kunkurun sahel yanzu yana jerin masu fuskantar ƙarewa, shanu sun cinye ciyawarsa, wutar daji, ga masu kamawa su ajiye a gida ko su sayar waje, shi kuwa sai ya shekara goma ko fiye kafin ya fara ƙwai. Wata babbar kififiya mai taushin baya da a da ake samu a kogunan yankin nan yanzu ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Kwaɗi ma ana kamawa, a Diyamare da fadamun Logon tsohon abinci ne ga wasu al'ummu, kuma akwai fataucin busassu zuwa kasuwannin Najeriya.

Kowane ɓangare da hujjarsa. 'Yan gandun daji suna cewa doka ce, kada da mesa ba a taɓa su sai da izini, kuma yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta sa ido kan fitar da fatunsu. Majemi da baduku suna cewa sana'ar kakanni ce, da me za a ci? Masunci yana cewa kada ya yaga masa koma ya cinye kifin kuma ba mai biyansa. Manomi yana cewa ɗansa aka sara. Ni dai inda na tsaya, mai kashe maciji a ɗakin kwanansa ba shi ne matsala ba, matsala ita ce mai cinna wa daji wuta don damo guda, da mai zuba maganin ƙwari a kududdufi don ya kwashi kifi, wanda ke kashe talibambam da komai da ke ciki sannan a kai kifin kasuwa mu saya. Kuma duk garin da ya gama da mesa da macizan rumbu da damo, to ya shirya raba hatsinsa da ɓera da gafiya.

Abin da ya shafi talaka kai tsaye

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara maciji na saran mutane wajen miliyan 5.4, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa, a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. A nan ne sanin wane maciji ke ina ya daina zama karatun 'yan jami'a kawai. Allurar kashe dafi da dafin macizai ake haɗa ta, ana yi wa doki kaɗan-kaɗan sannan a tace maganin daga jininsa, saboda haka tana aiki ne kan macizan da aka haɗa ta da su ko danginsu na kusa. Kamfanin Sanofi ya daina yin allurar Fav-Afrique a 2014, wadda aka daɗe ana dogaro da ita, ragowar ta lalace a 2016. An kuma sha shigo da masu araha da aka haɗa da dafin kububuwar Indiya, a wani asibitin karkara a Gana da aka koma irin wannan mace-mace sun tashi daga ƙasa da 2 zuwa kusan 12 cikin ɗari. Kenan ba kowace kwalba mai hoton maciji ce magani ba, kuma haƙƙin mai jinya ne ya tambaya ko wadda za a sayar masa tana aiki kan Echis, wato kububuwa, ta Afirka.

In an yi sara, a cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kar ya taka da ƙafarsa, a hau moto zuwa asibiti. Ba tsagawa da reza, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da roba, a saran kasa da kububuwa ɗaurin nan ƙara lalata nama yake. Baƙin dutsen nan da ake mannawa an gwada shi ba ya zuƙe dafin da zai hana komai. Abin da ke sa a yarda da shi da sauran magungunan gargajiya shi ne sara da yawa na macizai marasa dafi ne, ko mai dafin ya sara bai zuba ba, mutum zai warke ko an yi magani ko ba a yi ba, sai mai magani ya karɓi yabo, wanda kuma dafi ya kama da gaske sai a kai shi asibiti kwana uku bayan jini ya ɓalle.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba girgizawa, a karkata. In jinin bai daskare ba dafin kububuwa na aiki a jiki ko da mutum yana zaune yana hira, allura ake buƙata yanzu, kuma a maimaita gwajin bayan awa shida. Lokacin da aka fi sara sananne ne, farkon damina wajen sharar gona da shuka, sai kaka wajen girbi da ɗaga damin da ya kwana a ƙasa, kuma mafi yawan sara daga gwiwa zuwa ƙasa ne sai hannu. Takalmin roba mai tsawo, tocila, gidan sauro da aka cusa ƙarƙashin tabarma, da sanda a juya dami kafin a sa hannu. Su kuma masu raba kayan agaji in ruwa ya tashi, su riƙa sa allurar dafi a asibitocin da ke kusa da sansanonin tun kafin hanyar Yagwa ko Maga ko Kuseri ta yanke, domin in ta yanke sai kwalekwale.